A Bar Ƙananan Kulob Su Haɗa Yaransu

A ƙasashen arewacin Turai akwai wani wasa wanda za mu iya kira tseren taswira. Akan ba mutum taswira da kamfas, a sake shi cikin daji, ya nemo wuraren da aka yi wa alama ɗaya bayan ɗaya. A kowane wuri an rataye ƙyalle, rabi fari rabi ruwan lemo. Ba mai nuna masa hanya. Wanda ya riga gamawa shi ya ci. Sojojin Suwidin suka fara shi, sa'an nan cikin 1897 aka yi gasa ta farko ta kowa da kowa a Norwe, kusa da Oslo.

To, daɗin wasan yana wurin tseren karɓa-karɓa, inda wannan ya dawo wancan ya tashi. A Finlan akwai Jukola, wadda aka fara cikin 1949, mutum 7 ke gudu, har cikin dare da fitila a goshi. A Suwidin kuwa akwai wata wadda sai kulob ya kawo mutum 25, maza da mata, yara da dattawa. Kulob na babban birni ba ya jin wannan. Amma kulob na ƙauye mai yara huɗu ko biyar fa?

Ga abin da ke faruwa. Yarinya ta shekara tana koyon karanta taswira, ta san tudu daga kwari a kan takarda, ta san santimita 1 a taswirarta mita 100 ne a ƙasa. Ranar gasa ta zo, aka ce kulob ɗinsu bai cika ba. Ko ta bar wasan, ko ta koma babban kulob. In ta tafi kuwa, ba ita kaɗai ta tafi ba. Uban da ke ɗaukar yara a motarsa ya bi ta, uwar da ke kafa alamu a daji ta bi ta. Baɗi yara uku suka rage. Haka ƙaramin kulob ke mutuwa, ba da hayaniya ba.

A Birtaniya sun gwada magani iri biyu. Suna da gasar yara mai sunan Yvette Baker, wadda ta ci zinariya a gasar duniya cikin 1999. Da aka ga ƙanana ba su iya kawo yara da yawa, sai aka yi musu nasu kambi dabam, inda ake lissafin yara kaɗan. A tseren Peter Palmer kuma, wanda akan fara tun kafin gari ya waye, mai zango 6, an yarda ƙananan kulob su haɗa yara su fito tare.

Duka biyu suna da amfani, amma a ganina haɗawar ta fi. Kambi na dabam yana da kyau, sai dai yaro ya san inda manya suke, can yake so ya gwada ƙafarsa. Wanda ya saba da gayya kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bayan aiki kowa gidansa yake komawa. Yaro ya yi gudu da maƙwabta ran Lahadi, ran Litinin yana nan ɗan kulob ɗinsa.

Manyan kulob sukan ce, in aka buɗe wannan ƙofa, masu wayo za su tsinto gwanaye daga ko'ina su kwashe kyaututtuka. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai a sa iyaka. A ce maƙwabta kaɗai za su haɗu, kuma sai waɗanda yaransu ba su kai adadin da aka yanka ba. A rubuta sunan kowane kulob a takardar sakamako, kada a haɗiye ƙarami cikin wanda ya ɗan fi shi.

Saura kuɗi. Gasa takan yi nisa, akwai mota, akwai wurin kwana, akwai kuɗin shiga, kuma bas ɗin da ya ɗauki yara 4 kuɗinsa ɗaya da wanda ya ɗauki 14. Ƙungiyoyin yanki su rage wa ƙanana kuɗin shiga, babban kulob mai kujeru fanko a motarsa kuma ya tsaya a hanya ya ɗauki 'ya'yan maƙwabta, ba tare da ya miƙa musu takardar canja kulob ba.