Amsa Ga Mai Niyyar Karatun Tattalin Arziki a Landan

Wani akawu ya rubuto mana, ya ce yana da digiri na farko, yana so ya nemi na biyu kan ilmin tattalin arziki a Kwalejin Jami'a ta Landan, amma danginsa sun ce ina amfanin ƙetare teku don shiga kwaleji, alhali ga jami'o'i a gida? Ya roƙi mu raba gardama. To, Malam, ga abin da muka gani.

Batun suna dai ba abin tsayawa ba ne. An kafa makarantar nan a 1826, jami'a ce cikakkiya, sunan kwaleji gadon tarihi ne kawai. Ai ta Badun ma Kwalejin Jami'a a ke ce da ita sa'ad da aka buɗe ta a 1948, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan, sai a 1962 ta tsaya da ƙafarta.

Abin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne lissafi. Mutane da yawa suna zaton karatun nan hirar kasuwa ce da sukar kasafin kuɗin gwamnati. Ba haka ba ne. Tun a 1871 wani tsohon ɗalibin makarantar, Jebons, wanda ya koma malami a cikinta a 1876, ya wallafa littafi yana nuna cewa ilmin nan na lissafi ne, tun da ya ke a kan yawa da ƙaranci ya ke magana. Bisa wannan turba a ke har yau. Za a koya maka sha'anin gida guda da kamfani guda, kāna sha'anin ƙasa baki ɗaya, watau farashi da kuɗi da aikin yi, sa'an nan dabarar auna magana da alƙaluma. Ga misali. Kowace tsohuwa ta san gero ya kan yi tsada da damina kafin sabo ya shigo. Amma kai za a ce ka rarrabe, nawa ne cikin tsadar nan laifin ƙarancin hatsi, nawa na kuɗin mota, nawa na faɗuwar naira, ka kuma nuna hujja a rubuce. Wanda aljabara da kalkulas da ƙididdiga ba su zauna masa ba, a nan ya ke tsayawa cik, kome zaƙin Turancinsa.

Ga kuma ƙurewar lokaci. Shekara guda ce tak. A fara a Satumba, a yi jarrabawa, a rubuta kundin bincike, Satumba ta zagayo an gama. Babu sararin da mutum zai koma ya koyi abin da ya tsallake a baya, gama malami ba ya jiran kowa.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, fam guda ya kai naira 2,000 cikin 2024, kuɗin makaranta kuwa dubban fam ne, ban da ɗaki da abinci. Tun daga Janairun 2024 kuma Ingila ta hana mai irin wannan karatu zuwa da iyalinsa, sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, watau gida biyu za ka riƙe. Muna jin ana sayar da gonar gado saboda irin wannan tafiya, mu dai ba mu ba da shawarar haka ba. Gara ka nemi tallafin Chevening na gwamnatin Ingila, wanda a ke bai wa mai shekara biyu a bakin aiki, bisa sharaɗin ya komo gida in ya ƙare.

Saboda haka kafin ka cika takardar nema, nemi malamin lissafi a garinku, ka ba shi wata shida kana zuwa bayan an tashi daga ofis. In ka ga tambayoyin suna warwaruwa a hannunka, sai ka sake rubuto mana, mu yi maganar takardun.

Wassalam.