Wasiƙa Zuwa Ga Masuntan Tambuwal Da Kebbe: A Duba Koto Kafin A Sayi Ƙugiya

Ya ku sarakunan ruwa, iyayena da yayyena masu sana'ar su a bakin Gulbin Zamfara da tafkunan ƙasar Tambuwal da Kebbe, tun daga Kuchi har Romo. Allah ya ƙara wa ruwa albarka.

Ba ni da bakin koya wa ɗan Basarke ruwa. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani baƙon koto da ya fara shiga hannun samarinmu, wato tanar roba, doguwa mai laushi, wadda suke gani a bidiyon waya ana ciro manyan kifaye da ita. Yaro ya tara kuɗinsa ya saya, ya soka ta a ƙugiyar da ya gada, ya wuni a bakin ruwa. Kifi ya zo ya taɓa, ya ja, ya saki. Da yamma ya dawo yana cewa robar ƙarya ce, ko kuma an yi masa baki. Galibi ba ko ɗaya: ƙugiyar ce ba ta dace da koton ba.

Ya kamata mu san inda abin ya fito. A 1949 ne wani mutum mai suna Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohio ta Amurka, ya narka roba ya zuba ta a siffar tana. Daga baya ya mayar da sana'arsa garin Tyler na jihar Texas, inda tafkunan madatsun ruwa suke cike da itatuwan da ruwa ya shanye. Masu fatsa na can suka gaji da maƙalewar ƙugiya a rassa, sai suka ƙirƙiro dabarar ɓoye tsininta a cikin jikin robar. Saboda wannan dabara aka ƙera ƙugiyoyi na musamman, kuma duk don kifi ɗaya aka yi su, wani mai faɗin baki da suke kira bass, wanda yake farauta da ido, babu shi kuma a gulbinmu. Wanda ya sayi robar bai sayi ƙugiyarta ba, rabin kaya ya saya.

Ga inda maganar take. Tsakanin tsinin ƙugiya da sandarta akwai fili, shi ne bakinta. Idan kifi ya haɗiyi koto kuka fizga, dole tsinin ya sami hanyar fitowa ya shiga naman kifin. Tanar ƙasa ba ta hana shi, domin da an ja take tsinkewa. Roba kuwa ba ta tsinkewa, tattaruwa take yi ta cika bakin ƙugiyar, tsinin ya nutse a cikinta, kifi ya tofar ya tafi lafiya lau. Kamar a cusa kara a bakin tarko ne: zai faɗa, amma ba zai kama ba. Don haka ma'aunin da masu wannan fatsa suke bi shi ne faɗin bakin ƙugiya ya kai kaurin robar sau biyu. Ku ɗora robar a kan ƙugiyar tun a gaban mai shago. In ta cika bakin, ku ajiye ku ɗauki ta gaba da ita. Kauri ake dubawa kafin tsawo. Roba mai tsawon inci 10 in siririya ce tana iya zama a ƙugiyar da gajeriya mai ƙiba ba za ta zauna ba.

Wannan ma'auni ba na roba kaɗai ba ne, kuma dattawanku sun daɗe da saninsa ko ba su faɗa da baki ba. Wanda yake sa kwaɗo, ko ƙullin hanjin kaza, ko yankan sabulu don tarwaɗa, in ya cusa babban koto a ƙaramar ƙugiya, da safe igiya zai tarar babu koto babu kifi.

Sai maganar lamba, wadda take rikita mutane. Ƙugiyoyin kwali da kuka saba da su, irin na kamfanin Mustad na ƙasar Norway, wanda ya fara ƙera ƙugiya tun 1877, lambarsu in tana hawa ƙugiyar ƙanƙancewa take yi: lamba 7 ta fi lamba 12 girma. Amma waɗanda ake rubuta wa sifili a gefe, 2/0, 3/0, 5/0, akasin haka ne, in lamba ta hau girma ya hau. Roba mai inci 6 ko 7 takan zauna a 3/0 ko 4/0, mai inci 10 kuwa sai 5/0 ko sama. Kada ku riƙe lambar da ƙarfi, domin 4/0 ta wannan kamfani ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, balle ƙugiyoyin da ake zubawa a kwalin da ba nasu ba. Ido da yatsa sun fi rubutun kwali gaskiya.

Ku duba wuyan ƙugiyar kuma. Wadda aka yi don roba tana da ɗan lanƙwaso kusa da idonta, kamar gwiwa. Aikinsa riƙe kan robar kada ta zame ƙasa. Ana soka tsini a kan robar, a fito da shi kusa, a zare har kan ya hau wannan gwiwa, sannan a juyo a soka tsinin a jikinta, a bar shi kwance a ƙarƙashin fatar kaɗan. In an yi daidai, robar za ta miƙe sambal. In ta lanƙwashe, juyi za ta riƙa yi a ruwa tana murɗe zare, kifi kuma ya tsargu. A nan ne na ga amfaninta a wurinmu: bayan damina, lokacin da fadamu suka cika da ciyawa da bado da kainuwa, ƙugiya mai ɓoyayyen tsini tana ratsa wurin da buɗaɗɗiya ba ta isa ta shiga ba. Sai dai ɓoyayyen tsini yana son fizga mai ƙarfi, da zaren da ba ya miƙewa da yawa. Wanda ya ja a hankali bai fasa robar ba ma, balle bakin kifi.

Kaurin ƙarfen ma abin lura ne. Siririyar ƙugiya tana shiga da sauƙi, amma babbar tarwaɗa ko ramboshi na iya miƙar da ita. Mai kauri ba ta miƙewa, amma in zarenku siriri ne zai tsinke kafin ta shiga. A haɗa ƙugiya da zaren da ya yi daidai da ita. A gwada tsinin a kan farcen babban yatsa: in ya kama, lafiya, in ya zame, a wasa shi ko a jefar.

Yanzu wane kifi ake nema? Wannan tambaya ce ta fi damuna, domin a nan kuɗin yaranmu yake salwanta. Tarwaɗa da gashin bakinta take neman abinci, tana bin ƙamshi a ruwa mai laka, har cikin dare. Roba ba ta da ran da za ta motsa da kanta, ba ta da warin da zai kira ta daga nesa. Wanda ya jera roba a doguwar igiya ya bari ta kwana a ruwa, wahala kawai ya saya. Sai an riƙe ta a hannu, ana ja ana saki, ana ba ta motsi. Masu farauta da ido, irin su giwan ruwa, su ne abokan cinikinta. Tsage zai kai mata hari, amma haƙoransa za su yanka ta su yanka zaren, sai an sa ɗan guntun waya a gaban ƙugiyar. Karfasa da ƙurungu kuwa bakinsu bai kai wannan ƙugiya ba, a bar su da tanar ƙasa da gara. Ga masu shimfiɗa igiya mai koto su bari ta kwana, akwai wata ƙugiya mai tsini lanƙwashe ciki, kusan zagaye, wadda take kama kifi a gefen baki da kanta ba tare da fizga ba. Ita ta fi cancantar kuɗinku, ba roba ba.

Iyayena sarakunan ruwa, akwai abu biyu da suke hannunku. Na farko, ƙananan ƙugiyoyi. Mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ƙanana ba ya tambayar shekarun kifi, yana kwashe wanda bai taɓa yin ƙwai ba. Babbar ƙugiya tana barin ƙarami ya wuce. Maƙwabtanmu na Argungu suna hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar biki, shi ya sa ake ciro giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka, a bikin da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. Ku ma kuna da ikon faɗin lambar da ba za a sauka ƙasa da ita ba a ruwanku, kuma in kun faɗa za a ji.

Na biyu, robar kanta. Tanar ƙasa in ta faɗa ruwa abinci ce. Ta roba ba ta ruɓewa, kifi yana iya haɗiye ta ta zauna masa a ciki, kuma kifin nan shi ne za a banda a kai kasuwar Jega ko Tambuwal. Ku umarci samari duk wadda ta yage su sa ta a aljihu su fito da ita. Ƙugiya mai gwiwa tana rage zamewarta, wannan ma wani dalili ne na sayen wadda ta dace.

Ina roƙon ku kira yaran da suka sayi wannan koto, ku sa su kawo robobinsu da ƙugiyoyinsu gabanku, a auna ɗaya bayan ɗaya kafin ruwa ya janye daga fadama.

Wassalam,
ɗanku mai ƙaunar sana'arku.