Ba Kowane Ciwon Dubura Ne Basir Ba

'Yan'uwa manoma, ku gafarce ni, yau zan taɓo maganar da ba a son yi a gaban jama'a. A yawon da nake yi ƙauye ƙauye wajen aikin gona, na sha ganin ƙaƙƙarfan magidanci ya kasa zama sosai a kan benci a lokacin taron ƙungiya, sai ya karkace gefe guda. In an tambaye shi, ya ce basir ne. Daga nan sai a shiga jiƙe-jiƙe, shekara ta zagayo, ciwo yana nan. A ganina wannan suna guda da muke ba kowane ciwo na wurin yana jawo mana asarar lafiya da kuɗi da kwanakin noma.

Basir daban, yoyon dubura daban. Basir jijiyoyin jini ne suke kumbura, alamarsa jan jini ko tsiro wajen bayan gida. Shi kuwa yoyon dubura, ga yadda yake farawa. A cikin dubura akwai 'yan ƙananan kafofi. Idan ɗaya ta toshe, ƙwayoyin cuta sukan taru a ciki, maruru ya fito a gefen dubura, da zogi da zazzaɓi. In ya fashe, sai mutum ya ji sauƙi, ya ce ya warke. Amma kimanin mutum ɗaya cikin uku, mugunyar takan bar siririyar hanya daga cikin dubura zuwa fatar waje. Daga nan wurin ya riƙa ɗigar da mugunya, ya ɓata wando, ya rufe, ya sāke kumbura. Ya fi kama maza masu shekara 30 zuwa 50, watau masu riƙe da garma da gida. Kada kuma a haɗa shi da yoyon fitsari da ke samun mata bayan doguwar naƙuda.

Kowane manomi ya san ramin gafiya mai ƙofa biyu. In ka toshe ta waje kaɗai, gafiya tana ciki, gobe za ta haƙa wata. Haka wannan ciwo yake. Maganin shafawa yana iya busar da bakin waje, amma bakin ciki yana buɗe. Shi ya sa da wuya ya warke sai da aikin likita. Wani a buɗe hanyar ta warke daga ƙasa cikin 'yan makonni, wani a zura masa zare na musamman ya tsane mugunyar a hankali.

Wani zai ce, ai wanzami ma yana tsaga maruru, kuma ya fi araha. Gaskiya ne ya fi araha. Amma a wurin akwai naman da ke riƙe bayan gida. In aska ta yanke shi, mutum yana iya rasa riƙe bayan gida har iyakar ransa. Wannan araha ba ta da riba.

Rigakafi fa? Ba zan ruɗe ku ba, babu abincin da ke hana shi ɗungum. Cin ganye kamar zogale da rama, da wake, da shan ruwa da yawa suna sa bayan gida ya yi laushi, tsabta kuma tana taimako. Amma babban abu shi ne, ranar da ka ji kumburi mai zogi a gefen dubura, musamman da zazzaɓi, ka tafi asibiti a fitar da mugunyar. Kafso na kasuwa shi kaɗai ba ya kwashe ta. Mai ciwon sukari kada ya kwana da shi, gama nasa yakan yaɗu da sauri. In ciwon yana ta komowa, a duba ko akwai tarin fuka ko ciwon hanji.

Saura kunya. A shekarar 1686 Sarkin Faransa, Luwi na 14, ya kwanta aka yi masa aikin wannan ciwo, ya warke. In sarki ya yarda aka yi masa aiki, ina dalilin kunyarmu? Ba sammu ba ne, ba kuma alhakin kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ga shawarata ga ƙungiyoyinmu. Muna da asusun taki da na iri, to, mu ware wani abu domin kuɗin mota da na asibiti. A zaɓi dattijo guda da dattijuwa guda masu riƙe asiri, waɗanda mai ciwo zai gaya wa. Wanda yoyonsa ya daɗe, ya ga likita da kaka, domin a shirya aikin da rani. Wanda maruru ya kama shi da damina kuwa, ya tafi a ranar, mu kuma mu yi masa gayya a gonarsa.