Abin Da Wuta Ta Ci, Ba Mahauci Ya Ci Ba

Mu masu hatsi ne, ba mahauta ba. Amma wata husuma da aka kawo rumfarmu ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

Wani maƙwabcinmu ya karɓi kwangilar naman walima, soyayye kilo 30. Aka gaya masa nama yana raguwa kashi 25 cikin 100 a wuta. Sai ya ɗauki rubu'in 30, wato 7 da rabi, ya ɗora a kai, ya sayo ɗanye kilo 37 da rabi. Da aka soya aka aza a sikeli, sai ga kilo 28 da ɗan ɗoriya. Mai walima ya ce an ci amanarsa, shi kuwa ya ce mahauci ya tauye shi. Alhali babu ɓarawo a cikinsu, lissafi ne ya karkace.

To, ku duba. Wuta daga ɗanyen take cin rabonta, ba daga dafaffen ba. Tsoka kusan kashi 70 cikin 100 nata ruwa ne. In ta ji zafi sai ta tsuke, ruwa ya fita, kitse ya narke. Idan 25 ta tafi, saura 75. Saboda haka ka buga abin da kake so da 100, ka raba da 75. Kilo 30 sau 100, 3,000 ke nan. A raba da 75, ya ba da 40. Rubu'in 40 goma ne, a cire, saura 30 cif.

Wanda bai saba da bisa ɗari ba, ya koma lissafinmu na zaure. In raguwa humusi ce, ka ƙara rubu'in abin da kake nema. In rubu'i ce, ka ƙara sulusi. In sulusi ce, ka ƙara rabi. In rabi ce, ka ninka. Mu ma haka muke yi: ba a auna gero tiya 10 a ce bayan surfe tiya 10 zai fito, dusa ta tafi da nata.

Sai dai kada a riƙe 25 ɗin nan kamar hatimi. Nama mai kitse ya fi raguwa, wanda ya daɗe a wuta haka nan, na kilishi kuwa da ake shanyawa ya fi su duka. Ƙashi ma lissafinsa daban. Kowa ya gwada nasa: ya auna ɗanye kilo 4, ya dafa yadda ya saba, ya sāke aunawa. In ya sami 3, rubu'i ne ya tafi.

Ra'ayinmu shi ne, duk dillalin da zai ƙulla cinikin nama ya bayyana tun farko gaban shaidu: awon ɗanye ne ko na dafaffe, da ƙashi ko tsoka zalla. Muna roƙon sarakunan pawa su tsaya a kan wannan. Wani zai ce ai da ido aka saba saye, kashi-kashi. Gaskiya ne, ga cefanen gida. Amma in magana ta kai kilo 30 da kuɗin mutane, ido ba mudu ba ne. Kuɗi in sun tafi sa dawo, amana in ta zube da wuyar kwasa.

Allah ya ba mu ciniki na albarka. Wassalam.