Tsimammen Shayi Da Doka

Jama'a, akwai wani abin sha wai shi kombuca, wanda masu ƙaramin jari ke haɗawa a gida su sayar. Shayi ne da sukari, a zuba masa ƙwayar tsimi, a rufe da ƙyalle mako ɗaya ko biyu. Jarinsa kaɗan ne, amma da tarko a ciki.

Tsimin ba ya tsayawa don an toshe kwalba. In ta sha zafi, barasar da ke ciki ƙaruwa take yi. A Amurka, da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, doka ta ɗauke shi giya. A 2010 an kwashe shi daga kantuna da yawa a can saboda haka.

To, ɗan kasuwar Nijeriya, kafin ka sayi kwalabe, yi rajistar sunan sana'arka, nemi lambar NAFDAC, sa a auna maka barasar, ka ajiye shi cikin sanyi. Mai saye na da hakkin sanin abin da yake sha. Hukuma kuwa ta sauƙaƙa kuɗin rajista, kada doka ta zama ta masu hannu da shuni kaɗai. Rigakafi ya fi magani.