Motocin tsere na alfarma: me alƙaluman kamfanoni ke ɓoyewa?

A shekarar 2023 kamfanin Ferrari na ƙasar Italiya ya sayar da motoci 13,663, kuma ya ce kusan kashi 74 cikin 100 sun tafi hannun mutanen da dama suke da Ferrari. Masu tallar kamfanin na nuna wannan adadi a matsayin shaidar cewa wanda ya ɗanɗana ba ya barin gida.

Sai dai akwai abin da adadin bai faɗa ba. Ferrari ba ya sayar da motocinsa na musamman ga duk wanda ya zo da kuɗi. Motar F80 da aka gabatar a watan Oktoban 2024, guda 799 kacal za a ƙera, kuma kamfanin ne ya zaɓi masu sayenta daga cikin tsofaffin abokan cinikinsa. Ke nan mai son irin wannan mota dole ya riƙa sayen wasu tun da farko, don sunansa ya shiga layi. Wani ɓangare na wannan biyayya kamfanin ne ya ƙirƙiro ta da kansa.

Haka zancen yake ga Porsche na Jamus, wanda ya daɗe yana cewa fiye da kashi biyu cikin uku na motocin da ya taɓa ƙerawa suna kan hanya har yau. Kamfanin ya fara fitar da motoci da yawa ne bayan zuwan Cayenne a 2002 da Macan a 2014. A 2023 kaɗai ya sayar da sama da 320,000. Idan yawancin motocin sababbi ne, ba abin mamaki ba ne a same su suna tafiya.

Wani lokaci ma adadin ƙarya ne tsagwaronta. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo yadda Volkswagen ya yi maguɗi a gwajin hayaƙi, kamfanin kuma ya amsa cewa motoci kusan miliyon 11 abin ya shafa.

Darasin bai tsaya ga attajiran Turai ba. Direban Maraɗi ko Damagaram da ke komawa ga Toyota yana da dalilin da ake iya gani da ido: kayan gyara na kasuwa, bakanike ya san injin. Kafin mai saye ya yarda da kowane adadi, ya kamata ya tambaya: wa ya ƙirga, su wa aka ƙirga, kuma wa zai ci riba idan an yarda?