Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu kwamfuta na rubuta "Maradi" maimakon "Maraɗi"

Tun ranar 26 ga Maris 2025, da Janar Abdurahaman Tiani ya ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, Hausa ce harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Sai dai wanda ya zauna gaban kwamfuta a wani ofis a Maraɗi zai tarar da madannan tsarin AZERTY ne na Faransa: akwai é da ç, babu ɗ. Ko sunan garin ba ya rubutuwa daidai.

Kwamfuta lamba ta sani, ba harafi ba. A tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, d tana da lamba 100, ɗ kuma 599. Ƙaramar k 107 ce, ƙ 409. Shi ya sa injin bincike zai iya ɗaukar "Maradi" da "Maraɗi" a matsayin kalmomi biyu, kuma "ƙasa" na komawa "kasa" idan aka yar da lanƙwasar.

Ba Hausa kaɗai ta sha wannan gwagwarmaya ba. Rubutun gaɓa-gaɓa na al'ummomin Cree da Inuit na Kanada sai a 1999 ya shiga Unicode, Tifinagh a 2005, N'Ko a 2006, Adlam na Fulani a 2016. Hausar boko ta fi su sa'a, don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna ciki tun farkon shekarun 1990. Matsalar tana wajen madannai, da zanen haruffa, da kuɗi.

Kuɗin ne ya fi ciwo. Saƙon tes guda na ɗaukar haruffa 160 idan na Turai ne zalla. Da zarar ƙ ɗaya ta shiga, waya na sauya tsari, iyakar ta faɗo zuwa 70. Sanarwa mai haruffa 150 da za a tura wa manoman rani na Jiratawa kan rabon ruwa sai ta zama saƙo uku. Duk mai biyan kuɗin zai zaɓi ya jefar da lanƙwasa, kuma da wuya a ga laifinsa.

Akwai kuma saɓanin iyaka. Ƙa'idar rubutu da Nijar ta tsayar a 1999 ta ɗauki ƴ, Najeriya kuwa 'y take rubutawa. Ɗan Maraɗi da ke Kano ko Abijan, idan ya nemi "ƴanci" a intanet, ba lallai ya ga abin da aka rubuta da "'yanci" ba. Ga kuma takardun hukuma masu bin rubutun Faransanci: Djiratawa, Dan Issa, har da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Ajami ya fi jira. Rubutun Warshu da almajiran Tibirin Gobir ke koya a allo yana sa ɗigon fa'un a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, kuma sai a 2016 Unicode ta ware wa waɗannan siffofi lambobinsu. Daga baya ƙungiyar SIL ta fitar da zanen haruffa mai suna Alkalami, bisa salon hannun Kano.

Matasa a WhatsApp sun riga hukuma, tunda manhajar Gboard na da madannan Hausa kyauta. Abin da ya rage yana hannun gwamnati: rajistar haihuwa, katin ɗan ƙasa da kwamfutocin da ake saya wa ofisoshi da makarantu. Kundin 2025 ya ɗaga matsayin harshen, amma rumbun bayanan da aka gina don Faransanci zai ci gaba da mai da Ɗanladi "Danladi" har sai an sake tsara shi.